Kaset ɗin Shata da babana ya yi magana a kai

Isuhu Ɗan Bilbis: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, yau ba cigiya na kawo ba, ba kuma sanarwar buki ba. Jiya bayan la'asar na tsaya wurin wani mai shayi kusa da babbar kasuwa, ina jiran a soya mini ƙwai, sai yaron ya kunna Bakandamiyar Shata a salularsa. Ban san lokacin da na aje kofin ba. Ba daɗin waƙar ne ya riƙe ni ba, jira nake yi. Akwai wani wuri, bayan 'yan amshi sun karɓa karo na uku, inda kunnena ya saba jin ƙwas, kalangu ya yanke, sai muryar babana ta shigo da sallama. Jiya wurin ya zo ya wuce, Shata ya ci gaba da abinsa, babu sallama. Na biya kuɗin ƙwan da ban ci ba, na hau babur na yi gida.

Ga yadda abin yake. Babana ɗan cirani ne kamar iyayen da yawa daga cikinmu, Abijan yake zuwa, yana sayar da acake da kifi a Ajame, wannan da su can suke kira garba. Bai iya rubutu ba, kuma ba ya son mai rubuta wasiƙa ya san cikinsa. To a 1993, ina da shekara goma, bai samu sabon kaset ba ranar da wani ɗan unguwarmu zai taso, sai ya ɗauki na Shata da yake saurare, ya toshe ramin da takarda, ya yi mana magana a kai. Mun ji kaset ɗin nan ya fi sau ɗari. Inna ba ta yarda a wuce da waƙar a je ga maganar, sai an faro daga farko, ta ce haka ya aiko shi. Ya dawo gida gaba ɗaya bayan rikicin 2002, ya rasu bayan 'yan shekaru. Kaset ɗin yana nan cikin kwallar Inna, amma ya tsinke, kuma ba mu da rediyon da ke cin kaset.

Tambayata biyu. Akwai wanda zai iya gyara shi ya juye mini a salula a nan Tawa? Sannan ku ma, wace waƙa ce ke yi muku irin wannan?

Nafisa Sabon Gari: Allah ya jiƙan Baba, Yaya Isuhu. Da sassafe ka sa ni hawaye, kuma ina da jarrabawa ƙarfe goma.

Laminu Mai Gyara: Allah ya gafarta masa. Yaya, kada ka bari kowa ya sa shi cikin rediyo, ko da an samu. Zaren da ya yi shekara talatin a kwalla yana mannewa da juna, in inji ya ja shi da ƙarfi sai ya ƙara tsinkewa ko ya naɗe. Da bik ake fara juya shi a hankali, daga farko har ƙarshe, a sake dawowa. In an ɗaure shi da ƙananan kusoshi ne, buɗewa ba wuya. In manne yake, sai a fasa gidan a mayar da zaren cikin wani. Ina da tsohuwar rediyo mai kaset biyu a shago, tana aiki. Kawo ranar Lahadi da safe kafin kasuwa ta cika. Ban yi alkawarin murya za ta fito tas ba.

Alhaji Manu Direba: Isuhu, ashe kai ɗan marigayi ne na bakin rijiya? Allahu akbar. Tare munka tashi da babanka. Ni nawa Ɗanmaraya Jos ne, waƙarsa ta karen mota. Shekara goma sha tara ina bisa hanyar Arlit, in ɗauko kaya nan, in bi Tabalak, Abalak, in kwana Agadas. Kuntigi ɗan ƙaramin abu ne, tsirkiya guda, amma cikin dare in ka wuce Abalak babu fitilar kowa sai taka, ya fi ganga goma cika mota. Ina da wani aparanti, yaro daga wajen Keita, duk sadda na sa waƙar sai ya ɓata rai, shi a ganinsa da shi nake. Wata rana ya faki idona ya aje kaset ɗin bisa gaban mota cikin rana muna cin abinci. Muka dawo ya lanƙwashe kamar ƙosan da ya ƙone. Ban buge shi ba, amma daga nan har Agadas ni na riƙa rera mishi ita da bakina. Ya ce gara kaset ɗin. Yanzu shi ma yana da motoci biyu nashi.

Jika na Madawa: Alhaji, wannan hukunci ya fi bugu tsanani, mun san muryarka a sahun gaba. Ni dai a bar ni da Ɗanƙwairo. Shata gwani ne, ban musa ba, amma in ana maganar waƙar da aka zauna aka gina, ta fada ce. Kotso ya tashi, 'yan amshi su karɓe baiti su ƙarasa shi kamar baki ɗaya ke yi. Shata kuwa ko akuya ta gifta sai ya yi mata waƙa.

Isuhu Ɗan Bilbis: Ai wannan ɗin shi ne gwanintar, Kawu Jika. Amma ni ba gasa na buɗe ba.

Jika na Madawa: Ka buɗe ko ba ka buɗe ba, an shiga. Tunanin da take kawo mini: ranar hawan salla, ina kan wuyan kakana, ƙura ta tashi, ba na ganin komai sai rawuna da kunnuwan dawaki. Ba Ɗanƙwairo ne a wurin ba, makaɗan garinmu ne, amma duk sadda na ji kotso sai in ji warin zufar doki da turaren rigar tsohon.

Hama na Yamai: Bagobiri bisa wuyan mutum yana kallon dokin wani. Haka tarihin yake tun asali.

Jika na Madawa: Wa ya buɗe wa bawana ƙofa? Je ka gama dambun kopto naka tukuna, manya na magana.

Hama na Yamai: Ubangidanka dai. Shekara tara ina aiki a Tawa, na auri 'yar Adar, na fi ka haƙƙi a nan. Ni waƙata ta Sa'adu Bori ce. Lokacin ina koyon Hausa, ba na jin rabin abin da yake faɗa, amma a bukinmu a Yamai da aka sa shi, dangin amarya da suka zo daga nan a gajiye, kusan kilomita 550 a mota, duk suka miƙe. Wata gwaggonta da ta ƙi yi mini magana tun ranar tambaya ta ja hannuna cikin fili. Ranar da aka ce ya rasu a hatsarin mota, 2008 ke nan, ita ta fara kirana ta yi mini gaisuwa kamar ɗan'uwana ne.

Mushe Ali Mai Ritaya: Na gode Hama, domin kai kaɗai ka ambaci ɗan ƙasa. Ina karantawa tun ɗazu: Shata, Ɗanmaraya, Ɗanƙwairo. Duka na Najeriya. Ba ƙinsu nake ba, ina da kaset ɗinsu. Amma mu 'yan Tawa ne, garin da ake kiran babbar gasar kiɗan ƙasar nan da sunan mawaƙinsa, Ɗan Gurmu, tun 1987. Yara nawa cikin wannan zaure za su gane muryarsa in an sa? A zamanin Kunce, daga 1974 zuwa 1987, kowace unguwa da samariyarta. Ana shirya waƙa da rawa wata da watanni, a fafata tsakanin unguwanni, a fitar da na jaha, a tafi bukin matasa na ƙasa a kara da Damagaram da Maraɗi da sauransu. Muryar Sahel ta ɗauka ta yi ta sawa shekara guda. Ni na rubuta wa samariyar unguwarmu waƙa biyu, ɗaya kan dashen itace, ɗaya kan auren wuri. Ba mu ci ba, an ce amshinmu ya yi tsawo. Har yau ina ganin alƙalan ba su yi adalci ba, amma wannan wata magana ce. Abin da ke damuna shi ne waɗannan waƙoƙi suna ina? In ba a ma'ajiyar gidan rediyo ba, ko cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, sai a kawunan tsofaffi irina.

Alhaji Manu Direba: Mushe, da girmanka, wace Najeriya? Daga Ƙwanni zuwa Illelar can ɗan taƙi ne, mai keke yana zuwa ya dawo kafin azahar. Kakanninmu ba su san wannan layi ba. Rediyon Kaduna muke kamawa da dare kamar a bayan ɗaki take. A 1984 da Buhari ya rufe iyaka, shekarar yunwar da har sunansa munka sa mata, hatsi bai ƙetaro ba sai a ɓoye, amma Shata kullum yana ƙetarowa ba mai tambayarsa takarda.

Mushe Ali Mai Ritaya: Ban ce baƙi ne ba, Alhaji. Na ce su an adana nasu, mu mun bar namu ga gara.

Nafisa Sabon Gari: Na fito, jarrabawa ta yi sauƙi. Baba Mushe, ba duka muka bari ba. Mdou Moctar mai jita ɗan jaharmu ne, daga arewa, kuma yau har Amurka da Turai yake cika fili. Waƙoƙinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke su a 2008, ba rediyo ce ta yaɗa su ba, daga salula zuwa salula suka bi ta Bluetooth. Ni a wurin yayana na fara ji, ina ƙarama. Ya dawo daga Libiya a 2011 lokacin yaƙi, ba jaka ba tsaraba, daga shi sai rigar jikinsa da wata ƙaramar salula mai fasasshen gilashi. Wata biyu ba ya fita fada, ba ya magana da kowa. Yana kwance a zaure da wannan jita a kunne. Ni ce mai kai masa abinci, sai ya cire ɗaya daga cikin abin kunnen ya sa mini, mu zauna shiru. Ba na jin Buzanci ko kalma ɗaya, har yau ban san abin da waƙar ke cewa ba, kuma ban taɓa neman a fassara mini ba.

Jika na Madawa: Jita dai ƙara ce kawai, ɗiyata. Ina kalmomi? Ina habaici?

Nafisa Sabon Gari: Kawu, kai ma ka ce warin doki kake ji, ba kalmomi ba.

Hama na Yamai: An kayar da Bagobiri, a kawo takobi a ba yarinya.

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mahaifinka, Isuhu, ya sa aljanna ce makoma. Nasiha ce kawai: abin da mamaci ke buƙata daga ɗansa addu'a ce da sadaka. Kuma mu yi hattara da cika zukata da kaɗe-kaɗe, malamai sun yi magana a kai. Ban ce kada ka gyara kaset ba, muryar mahaifi ba abin yarwa ba ce. Amma in an juye, ana iya yanke kiɗan a bar maganar.

Isuhu Ɗan Bilbis: Na gode Malam, addu'a kullum muna yi. Yankewar ce ban iya ba. Shi ya zaɓi wurin da ya danna. In na cire abin da ke gaba da baya, kamar na cire ƙofar ɗaki ne na bar shi a fili.

Gwaggo Rabi: Salamu alaikum. Jikata ka rubuta mini, ni ka faɗi. Isuhu, ina gaida innarka, ka ce mata ƙafar ta yi sauƙi. Malam Sabi'u, na san ka tun kana yawo ba wando, kuma uwarka ta fi kowa waƙa bisa dutsin niƙa a unguwarmu, Allah shi jiƙanta. Ku duka kuna ta kiran masu kaset. Ni waƙar da ke tada mini hankali ba ta cikin kaset ɗin kowa. Ta innata ce. Da asuba, tun ba a kira salla ta biyu ba, sai ta durƙusa ga dutsi, ta zuba hatsi, ta fara. Muryar tana tahiya da hannun, in ta tura ta ja, numfashin ma cikin waƙar yake. Kuma ba waƙa ɗaya ba ce kullum. Abin da ya kwana a ranta shi take sawa. In Baba ya yi wa kishiyarta zane bai yi mata ba, gida duka zai ji da asuba, ba ta kama sunan kowa ba, tana yi da wata kaza mai baƙin jini. Baba yana alwala yana ji, ba shi da ta cewa, don ba a ce da shi ake ba. Ranar da za a kai ni gidan miji, ina da shekara goma sha biyat, ta yi wadda ban taɓa ji ba, ta kira sunayen uwayenta mata har bakwai, waɗanda duk aka kai wani gari. Ina kwance ina ji, na yi kamar barci nake.

Da injin niƙa ya zo unguwa, munka yi murna, kuma gaskiya ne ya hutar da mu, ban son kowace ɗiya ta koma ga dutsi, gwiwoyina shaida ne. Amma daga ranar ba a sake yin waƙar ba. Ba wanda ya hana, wurin yinta ne ya tafi. Yanzu baiti biyu kawai na riƙe, in na fara sai ya tsaya mini a wuya. Dutsin yana nan bayan ɗaki, an aza mishi tukunyar ruwan kaji.

Nafisa Sabon Gari: Gwaggo, don Allah in zo da salula ki yi mini ko baiti biyun ne.

Gwaggo Rabi: Ba a yinta zaune bisa kujera, ɗiyata. In kina so sai ki zo da tiyar hatsi, ki sauke tukunyar kaji, ki niƙa, ni in yi miki.

Malam Sabi'u: Gwaggo, kin tone ni a gaban jama'a. Allah ya jiƙan iyayenmu. Waƙar mata a bakin aiki ba ita nake nufi ba. Kuma tunda an zo nan, ni ma in na ji ana karanta Ishiriniya da dare sai in tuna makarantar allo, muna kewaye da wutar kara cikin sanyin hunturu, hayaƙi na shiga ido, wani babban almajiri yana ja muna amsawa. Amma wannan ba waƙa ba ce, yabo ne.

Jika na Madawa: To Malam, mun ji, ba waƙa ba ce. Amshi dai gare ta.

Mushe Ali Mai Ritaya: Ba wanda ya ambaci kokowa, abin mamaki a zauren 'yan Tawa. A nan aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Ina saurayi, na tsaya tun hantsi. Abin da ya zauna mini ba faɗuwar kowa ba ce, lokacin da makaɗi ya canza kiɗa ya koma taken ɗan kokowa ne, ka ga ƙato yana rawar jiki, layu na kaɗawa, ya ɗaga hannu yana kirari. Daga baya da Kadade namu ya yi tashe, ko a rediyo aka sa kiɗan, yara sai su bar aike su kama juna a rairayi.

Alhaji Manu Direba: Wannan gaskiya ne. Na taɓa tsayar da mota cike da kaya a Badagishiri don pil ɗin rediyon mai shayi ya fi nawa ƙarfi, ana karon ƙarshe.

Isuhu Ɗan Bilbis: Jama'a, na dawo da labari. Yau Lahadi na kai wa Laminu. Wuri biyu ya tsinke, ba ɗaya ba. Ya buɗe gidan, ya daidaita bakin zaren da reza, ya haɗa da ɗan siririn salatif ta baya, ya yi ta juyawa da bik kusan rabin awa ina tsaye kamar mai jiran haihuwa. Da ya danna, Shata ya fito yana ɗan rawa-rawa kamar mai mura. 'Yan amshi suka karɓa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ƙwas. Sallama.

Minti goma sha ɗaya ya yi. Muryar ta fi yadda nake tunawa ƙuruciya, sai da na lissafa na ga a lokacin bai kai shekaruna na yanzu ba. Ana jin hon ɗin motoci a bayansa, da wata mata tana kiran ciniki da Julanci, da tarin nan nasa. Babu wata babbar magana a ciki. Ya ce kada a sayar da jar akuya ko an matsu. Ya ce a saya mini takalmin lakwal mai girma kaɗan don ya kai baɗi. Ya ce rufin ɗakin Kaka a gyara kafin ruwa. Sauran duk gaisuwa ce, gida gida, har da waɗanda ba sa ga maciji da Inna. Wurin da ya tsinke na biyu ya cinye suna ɗaya, ba mu san wa aka gaisar ba. A ƙarshe ya ce, to, na mayar muku da mai kalangu, sai waƙar ta ci gaba daga tsakiya. Na kai wa Inna, ta saurara daga farko, ba ta ce komai ba sai da ya zo kan akuya, ta ce ai an sayar.

Laminu ya ƙi karɓar ko dala. Allah ya saka.

Laminu Mai Gyara: Amin Yaya. Ka aje shi wuri biyu ko uku, salula ba kwallar Inna ba ce, ba ta shekara talatin.

Gwaggo Rabi: Ya gaishe ni?

Isuhu Ɗan Bilbis: Ya gaishe ki Gwaggo, ke ce ta huɗu, ya ce Rabi mai fura. Kuma Alhaji Manu, akwai saƙonka. Ya ce a gaida Manu direba, a ce masa bai manta da jaka biyun nan ba, in ya zo da salla zai karɓa.

Jika na Madawa: Allahu akbar! Bashi ya fito daga kwalla. Kuma na 1993 ne, kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994. Mushe, kai ne mai lissafi, ai ya zama jaka huɗu ko?

Mushe Ali Mai Ritaya: Malam Sabi'u na nan, ba ni shiga maganar ƙari a kan bashi.

Alhaji Manu Direba: Jaka ɗaya da rabi ne, kuɗin taya da ya cika mini a Tsarnawa, kuma ya zo da salla bai tambaya ba, ni kuma na yi shiru. Isuhu, ka zo gida bayan isha'i ka karɓa, biyun zan ba ka. Kada ka turo mini a waya. Ka zo da ita, ka sa mini daga farko.